Goyo, keken jariri da ciwon baya: bayani ga iyaye a Madawa, Buza da Keita

Goyo shi ne hanyar da mata suke ɗaukar ƴaƴansu a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Yana bar wa uwa hannuwanta biyu ta yi aiki, yaro kuma yana jin ɗumin jikinta, ya yi barci, idan ya farka nono yana kusa. Sai dai uwaye da yawa suna fama da ciwon baya da na kwankwaso, tun suna da ciki har su yaye. Wasu, musamman waɗanda mazajensu ke zuwa cin rani suna ganin birane, sukan yi tunanin sayen keken jariri, wato ɗan keken nan da ake kwantar da yaro a ciki ana turawa, wanda ake ce wa puset da Faransanci.

Keken yana da amfani, amma a wurare kaɗan. A yawancin garuruwan gundumomin Madawa, Buza da Keita, abin da ya fi sauƙaƙa wa uwa shi ne gyara yadda take goyo, da rage sauran nauyin da take ɗauka tare da goyon. Wannan shafi ya yi bayanin duka biyun, da kuma alamun da ke nuna cewa ciwon ya wuce na gajiya, sai an je gidan likita.

Me ke kawo ciwon baya ga mai goyo?

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, daga wuya har gindi. Guda 24 daga cikinsu suna motsi. A tsakaninsu akwai wani faifai mai taushi, aikinsa kamar na gammo tsakanin kai da tulu. Guda biyar na wajen kwankwaso su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin jiki, shi ya sa nan ne aka fi jin ciwo. Jijiyoyi da tsokar baya da ta ciki su ne ke riƙe jerin a tsaye, kamar yadda igiyoyi ke riƙe dirkar rumfa.

Lokacin da mace take da ciki, jikinta yana fitar da wasu sinadarai masu sassauta jijiyoyin ƙugu domin haihuwa ta zo da sauƙi. Tsokar ciki kuma tana miƙewa, ƙarfinta ya ragu. Bayan haihuwa waɗannan ba sa komawa yadda suke a rana ɗaya. Sukan ɗauki watanni. A daidai wannan lokaci ne uwa take fara ɗaukar wani nauyi wanda yake ƙaruwa kullum.

Bisa ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2006, jariri yakan zo duniya da kilo 3 da ɗan kai. A wata 6 yana tsakanin kilo 7 da 8. A shekara ɗaya ya kai 9 zuwa 10, a shekara biyu kuma 11 zuwa 12. Yaro mai kilo 10 nauyinsa ya yi kusan na tiya huɗu ta hatsi. Babu wadda za ta ɗaura tiya huɗu ta hatsi a bayanta tun hantsi har la'asar ba ta ji a jikinta ba.

Amma ba goyo kaɗai ke da laifi ba, kuma sau da yawa ba shi ne babba ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Bido mai lita 25 ya fi yaro ɗan shekara ɗaya nauyi sau biyu da rabi. Matar da ta taso daga rijiya da bido a ka da goyo a baya tana ɗauke da kilo 35 ke nan. A haɗa da jan guga, da daka, da itace, da shara da guntuwar tsintsiya, da sunkuyo a kan murhu, da dashen albasa a kwarin Tarka inda ake yini a duƙe. Mutanen Keita sun san abin da bayan mace yake ɗauka: a aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a can a shekarar 1984 da tallafin ƙasar Italiya, mata ne suka fi yawa cikin masu kwasar duwatsu, domin maza da yawa suna cin rani.

Ciwon baya ba na wannan yanki kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke da ciwon kwankwaso a duniya a shekarar 2020, mata sun fi maza. A kusan mutum 9 cikin 10 ba a samun wata cuta ta daban da ta kawo shi, kuma yawanci yakan yi sauƙi cikin ƴan makonni.

Gyara goyo

Goyo irin namu yana da alheri ga yaro. Idan aka goya shi ƙafafunsa a buɗe sun rungumi jikin uwa, gwiwoyinsa sun ɗan fi ɗuwawunsa tashi, gaɓar cinyarsa tana zama daidai cikin gurbinta. Likitocin ƙashi sun lura cewa gocewar gaɓar cinya ba ta da yawa a ƙasashen da ake goyo haka, idan aka kwatanta da inda ake naɗe jariri ƙafafu a miƙe a haɗe. Don haka mai ciwon baya ba a ce mata ta bar goyo ba. Abin dubawa shi ne yadda take yin sa.

Nauyin da yake manne da jiki ya fi sauƙin ɗauka bisa wanda yake reto. Idan zane ya saki, yaro yakan zame ya sauka kan kwankwaso, jikinsa ya janye baya. Sai uwa ta riƙa ranƙwafawa gaba don ta tare shi, ba tare da ta sani ba, tsokar bayanta kuma ta yini a ɗaure. Wannan shi ne ciwon da yake tasowa da yamma. Ki goya yaro sama-sama, cikinsa manne da gadon bayanki, kansa a tsakanin kafaɗunki. Ki sa zane mai ƙwari wanda ba ya santsi. Atamfa da zanen saƙi sun fi yadi mai sulɓi riƙo. Ki ƙara majanyi a ƙarƙashin ɗuwawunsa, ki ɗaure shi da kyau, domin shi ne yake maida nauyin kan ƙugu inda ƙashi yake da faɗi. Da zarar kin ji goyon ya saki, ki tsaya ki gyara. Kada ki bari sai kin isa gida.

Ga jariri wanda wuyansa bai yi ƙwari ba, bakin zane ya tallafi ƙeyarsa, fuskarsa a juye gefe guda, hanci da baki a buɗe. Kada mayafi ko hijabi ya rufe shi ruf, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Jaririn da aka haifa bai cika wata ba, ko wanda nauyinsa ya gaza, a ƙirji ake ɗaure shi, fata da fata. Ma'aikatan lafiya suna koya wannan hanya, wadda aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya a shekarar 1978.

Yawancin murɗewar baya tana faruwa ne wajen ɗauka da saukewa. Mace takan sunkuya ƙafafu a miƙe, ta kama yaro da hannu ɗaya, ta wurga shi baya tana juya kwankwaso. Mai lafiya ta saba, ba ta jin komai. Mai ciwo kuwa ta daina. Ki matso kusa da yaro, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki jawo shi jikinki, sa'an nan ki miƙe da ƙarfin cinyoyinki. Idan za ki juya, ki juya da ƙafafu, jiki gaba ɗaya. In akwai wani a kusa, ki ce ya ɗora miki shi. In babu, ki zauna a bakin gado ko kan turmi, ki goya shi a zaune, ki miƙe. Yaron da ya fara tsayuwa yana iya hawa bayanki da kansa idan kin durƙusa.

Ɗauka a kwiɓi tana karkatar da jiki gefe guda. Ba laifi na ɗan lokaci, amma a riƙa canza gefe.

A kasuwanni ana samun jakar goyo mai maɗaurai, wadda ake ratayawa a gaba ko a baya. Idan za ki saya, ki nemi mai ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu, da maratayai biyu masu faɗi, da mazauni wanda ya kai daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa. Mai siraran igiyoyi da ba ta da ɗamara tana rataye nauyin duka a kafaɗa da wuya, ƙafafun yaro kuma suna lilo. Zane da majanyi sun fi irin wannan nesa ba kusa ba.

Shayarwa ma tana da nata rabo. Uwa takan zauna a tabarma ta ranƙwafa kan yaro sau goma ko fiye a yini da dare. Ki jingina da bango, ki sa matashi ko naɗaɗɗen zane a kan cinyarki, ki ɗago yaro zuwa nono maimakon ki sauke ƙirjinki zuwa gare shi. Da dare kina iya shayarwa a kwance ta gefe.

Keken jariri: inda aka yi shi da inda yake aiki

An ƙera keken jariri na farko da aka sani a Ingila a shekarar 1733. Wani mai tsara gine-gine da lambuna, William Kent, shi ya yi wa ƴaƴan wani basarake. Irin mara nauyin nan da ake naɗewa kamar lema kuwa, wani injiniyan jirgin sama mai suna Owen Maclaren ne ya fito da shi a shekarar 1965, shi ma a Ingila. Dukansu an yi su ne don shimfiɗaɗɗiyar hanya mai santsi. Wannan shi ne abu na farko da mai saye zai tuna.

Ƙasar Adar da Majiya kuwa tudu ne da dutse da kwari. A Buza da Keita hanyoyin ƙafa cike suke da tsakuwa da marmara, ga hawa da gangara, ga ƙoramu da ke yanke hanya da damina. A kudu wajen Madawa rairayi ya fi yawa. Ƙaramar taya tana nutsewa cikin rairayi, tana cijewa a jikin dutse. Mai turawa sai ta duƙa ta dafa da ƙarfi, wani lokaci ta ɗaga keken da yaron a ciki ta tsallakar. Ga mai ciwon baya wannan ya fi goyo wahala. A ƙara da dokin ƙofa, da lungun zaure, da rashin wurin sa shi a kan kabu-kabu. Kuma keke yana cinye hannu biyu: ba a tura shi da tulu a ka.

Akwai dai inda yake taimakawa. Matar da take zaune cikin garin Madawa kusa da kwalta, ko a unguwar da ƙasarta fako ce. Mai sana'a a wuri guda, kamar mai ɗinki, mai suyar ƙosai ko malamar makaranta, wadda take bukatar wuri mai tsabta da za ta ajiye yaro kusa da ita ba a ƙasa ba. Mai tagwaye. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa. Kakar da aka bar wa jika, ko uba mai ciwon baya wanda yake kai yaro awo. Ga waɗannan, sau da yawa amfanin keken a tsaye ya fi amfaninsa a tafe, wato ya zama gado da kujerar yaro a tsakar gida ko a wurin sana'a.

Idan an yanke shawarar saye

Mai ciwon ita ce za ta je ta gwada da kanta. Keken da aka aiko daga Legas, Abijan ko Yamai ba tare da an auna shi da tsawonta ba, sa'a ce kawai idan ya yi daidai.

Abu mafi muhimmanci shi ne tsawon mariƙi. Ki tsaya a miƙe, ki sa hannu a kai. Ya kamata ya zo wajen ƙashin ƙugunki ko sama kaɗan, kafaɗunki a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. In ya yi ƙasa, za ki yi tafiyar duka a ranƙwafe. In ya yi sama, kafaɗa da wuya za su ɗauka. Wasu kekunan ana iya ɗaga mariƙinsu ko a sauke, kuma su ne suka dace idan mutum biyu masu tsawo daban za su riƙa turawa. Mariƙi ɗaya dogo ya fi guda biyu masu kama da ƙugiya, domin ana iya juya shi da hannu ɗaya ba tare da murɗa jiki ba. Ki yi taku goma da shi irin takunki na kullum. Idan ƙafarki tana bugun ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, za ki riƙa ja da baya kina miƙa hannu, wannan ma ranƙwafawa ce.

Sai taya. Babba ta fi ƙarama a ƙasarmu, kuma gara ta baya ta kai tsawon taƙi ko ta fi. Mai iska tana da laushi a kan tsakuwa, amma ƙaya tana huda ta, don haka ki tambayi mai facin kekuna na garinku ko ana samun irin robarta. In ba a samu ba, ki ɗauki mai roba tsantsa wadda ba a hura mata iska. Tayar gaba mai juyawa tana da daɗi a kan siminti, amma a rairayi tana karkacewa; ki duba ko tana da makulli da zai tsai da ita.

A nan ne mai saye yake shiga tsaka mai wuya. Keke mai manyan tayoyi yakan kai kilo 10 zuwa 15, wato ya fi yaron nauyi. Mara nauyi, mai kilo 5 zuwa 7, tayoyinsa ƙanana ne. Ki tambayi kanki wanne za ki fi yi, turawa ko ɗagawa. Idan daga ɗakinki zuwa titi akwai dokin ƙofa biyu da dakali, kuma babu mai taya ki, babban keke ba naki ba ne. Ki ɗaga shi a gaban mai sayarwa, ki naɗe, ki buɗe. Wanda ba ya naɗuwa sai an durƙusa ƙasa an ja wani ƙarfe, ki bar shi.

Ki duba tsawon mazaunin daga ƙasa, domin sau da yawa a yini za ki sa yaro ki fitar. Mazauni mai bisa ya fi, haka ma wanda ƙarfen gabansa yake buɗewa gefe.

Sauran abubuwan na lafiyar yaro ne, kuma ba a sassauci a kansu. Birki ya kama tayoyin baya biyu. Ki taka shi ki tura ki gani. Maɗaurin yaro ya zama cikakke: biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, kuma maɓallinsa yana kamawa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ko wanda bai iya zama da kansa ba, sai keken da bayansa yake kwanciya sosai, domin idan aka zaunar da shi kansa yana faɗowa kan ƙirji ya toshe masa numfashi. Kekunan da aka yi don kasuwar Turai sukan zo da tambari mai lamba EN 1888, alamar an gwada su bisa ƙa'idar can. Idan na gwanjo ne, tambarin bai isa ba: ki girgiza shi, ki duba tsatsa da tsagewar roba da kusoshin da suka saki, ki wanke yadinsa da sabulu ki shanya a rana.

Kada a lulluɓe keke da zane ko bargo don kare rana. Iska tana tsayawa a ciki, zafi ya taru. A yi amfani da rumfarsa, a bar gefe a buɗe, a tsaya a inuwa. Kada a rataya kaya a mariƙi, yana kifar da keken ta baya. Kada a bar yaro a ciki shi kaɗai, ko kusa da murhu, ko bakin rijiya, ko inda dabbobi suke. Idan yaro zai yi barci a ciki da magariba, a sa gidan sauro. Kuma kada ya yini a ɗaure: yana bukatar tabarma inda zai yi birgima da rarrafe.

Wajen turawa, ki tsaya kusa da keken, ki tura da jiki duka, hannu ba a miƙe can gaba ba.

A sa taya inda nauyi yake

Kuɗin sabon keken jariri sau da yawa yakan kai na buhun hatsi ko ya wuce, kuma amfaninsa shekara biyu ne ko uku. Kafin maigida ya fitar da wannan kuɗi, yana da kyau shi da uwargida su zauna su lissafa abin da take ɗauka a yini. Idan tana ɗebo bido huɗu, kilo 100 ke nan kullum a kan wuyanta da bayanta. Baro, ko kurar ruwa, ko haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki amalanken jaki, ko biyan ɗan garuwa na wata biyu bayan haihuwa, kowanne daga cikinsu zai sauke mata nauyin da ya ninka na yaron sau da yawa. Haka ma kai hatsi injin niƙa maimakon daka, da sa wa tsintsiya doguwar sanda, da ɗaga murhu ko wurin wanke-wanke a kan dakali, da zama a kujera ƴar tsugunno maimakon sunkuyo. Idan ba yadda za a yi sai ta je rijiya, ta bar yaro a gida, ta raba ruwan gida biyu ta yi sawu biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kishiya, uwar miji, ƙanwa, da shi kansa uban yaro, kowa yana iya karɓar yaro na awa ɗaya ko biyu. Namiji bai rage komai ba don ya riƙe ɗansa a kafaɗa da yamma. Abin da za a kiyaye shi ne kada a sauke nauyin duka a kan ƴar reno mai shekara shida ko bakwai. Ita ma ƙashinta bai gama ƙwari ba, kuma goyon yini yakan hana ta zuwa makaranta.

Al'adar hutun jego na kwana arba'in tana da hikima a wannan fanni, domin ta yi daidai da lokacin da jiki yake bukata ya fara komawa. Wadda aka yi wa aiki kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi har kimanin mako shida, kuma ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta fara ɗaure zane a kan wurin ɗinki. Tazara tsakanin haihuwa ma tana da hannu a ciki, domin mai goyo da ciki nauyi biyu take ɗauke da shi, gaba da baya.

Abin da za a yi a gida idan ciwo ya taso

Kwanciya kwana da kwanaki ba ta warkar da ciwon baya. Tana ƙara sandarar da shi. Ki rage aiki mai nauyi, amma ki ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka gwargwadon iyawa. Ki dafa wurin da tsumma mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi.

Ga motsa jiki guda uku da ake yi a kan tabarma, safe da yamma. Na ɗaya, ki kwanta rigingine, gwiwoyi a tashe, ki matse ciki har kwankwasonki ya taɓa tabarma, ki ƙirga biyar, ki saki; sau goma. Na biyu, kina nan kwance, ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ki ƙirga goma, ki canza. Na uku, ki durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ki ɗaga gadon baya sama a hankali, ki sauke. Duk wanda ya ƙara ciwo ko ya sa shi sauka cikin ƙafa, ki bar shi. Mai tsohon ciki kada ta daɗe a rigingine.

Farasitamol ya halatta ga mai ciki da mai shayarwa, a bisa ƙa'idar da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ibuprofen da diclofenac ba na mai ciki ba ne, musamman daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa, kuma suna iya cin tumbi da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Tramadol, wanda aka fi sani da tramol, da masu tallan magani ke yawo da shi, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma bin nono ya sa jariri barci mai nauyi da raunin numfashi. A jagorar da ta fitar a watan Disamba na 2023 kan daɗaɗɗen ciwon kwankwaso, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba motsa jiki da ilimantarwa muhimmanci, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar baya ko magunguna masu ƙarfi na dangin tramol. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa inda ciwon yake, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko cuta.

Alamun da ba a jira da su

Ki je gidan likita a ranar, ko da dare ne, idan ciwon baya ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan: ƙafa ta yi rauni ko tana ja, wajen gaba da dubura ya mutu ba kya jin taɓi, fitsari ko bayan gida yana zubowa ba da saninki ba, ko fitsari ya ƙi fita, zazzaɓi da rawar sanyi, musamman a makonnin jego, ko da ruwa mai wari daga gaba, ciwo a gefe guda ƙarƙashin haƙarƙari tare da zafin fitsari, ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga amalanke ko babur. Mai ciki da ta ji ciwon baya yana zuwa yana tafiya kamar naƙuda kafin lokacinta, ko ta ga jini, ita ma kada ta jira.

Akwai kuma wanda yake zuwa a hankali: ciwon da yake hana barci ko an kwanta, da rama, da zufar dare, da tari, ko wani ƙullutu da ya fara fitowa a gadon baya kamar ƙusumbi. Wannan yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya. Yana da magani, ana sha watanni da yawa, kuma idan aka yi jinkiri yana iya shanye ƙafafu. Mai amosanin jini ma ta faɗa wa ma'aikacin lafiya tun farko. Ciwon da ya wuce mako shida bai ragu ba, shi ma a kai shi a duba.

A fara da ƙaramin ɗakin shan magani na gari ko cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su ba da takardar zuwa asibitin gunduma a Madawa, Buza ko Keita, daga nan kuma zuwa babban asibitin jiha a Tawa. Akwai kuma asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, a kan babbar hanya yamma da Madawa. Ranar awon yaro ko allurar rigakafi dama ce ta yin maganar, tunda kin riga kin zo. Ki tafi da katin awon cikinki. Ki faɗi lokacin da ciwon ya fara, da inda yake sauka, da aikin da yake tayar da shi, da duk maganin da kika sha, har da na gargajiya da na masu talla.